Ruwan Gonar Malam Hattori

Asabar, 14 ga Yuni, 9:00 na safe

Muath, Balaraben da ke zuwa yi mini gashi tun da ɓarin jikina na hagu ya shanye, shi ya ce in riƙa rubuta yawan takun da na yi kullum. To ga shi na rubuta: shida. Daga gado zuwa ƙofar banɗaki, ƙarfen nan mai ƙafa huɗu a gabana, matata Saudatu a bayana tana "a hankali, Malam, a hankali," sai ka ce tulu ta ɗauko.

Ni Dabo ɗan Kadawa, da nake zagaye gonar shinkafar mahaifina sau biyu kafin a dama koko. Shekara ashirin da bakwai ina kula da ban-ruwa a lambun kamfaninmu da ke Khumra, inda muke renon itatuwan da ake dasawa a titunan Jidda. Babu bututun da ban san inda ya bi ba. Yau ni ake tafa wa a kan taku shida.

Hannun dama lafiyarsa ƙalau, shi ya sa rubutun ya fito. Na hagu ba zan yi maganarsa ba.

Lahadi, 15 ga Yuni, bayan La'asar

Shugabanmu na wurin aiki, Mudir Badr, ya zo dubiya. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya iya kallon idon mutum in maganar ba daɗi. Labulen falo ya yi ta yi wa bayani. Iƙamata, takardar zaman ƙasa, za ta ƙare ƙarshen Yuli. Ran tara ga Yulin likitan kamfani zai duba ni. In na yi tafiya a gabansa da ƙafata, ba ƙarfe, ba mai riƙewa, kafili, ubangidan da ya tsaya mini, ya sabunta. In ban yi ba, khuruj, fitar da ba dawowa. Bai iya faɗin kalmar ba, ni na faɗa masa ita don ya huta.

Saudatu tana kicin. Famfo ya daɗe yana zuba, alhali kofi biyu kawai muka ɓata.

Litinin, 16 ga Yuni, 10:00 na safe

Shida.

Talata, 17 ga Yuni, bayan Azahar

'Yar Nagoya ta ɓullo da wata dabara.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko wani zai tsinci littafin nan wata rana. 'Yata ce ta fari, kuma ita kaɗai Allah Ya bar mana. A gidanmu ba a kama sunan ɗan fari. Mahaifina har ya koma ga Allah ban taɓa jin sunan yayana a bakinsa ba, sai "kai", sai "wancan". Haka na taso, haka na riƙe. Uwarta kuwa haihuwar Jidda ce, ba ruwanta: "Yasmin zo, Yasmin tafi." (Maganar Saudatu ce na kwafa, ba tawa ba.) Shekara biyu ke nan yarinyar tana Nagoya ta ƙasar Japan, tana digiri na uku a kan batirin mota. Mutum ɗari huɗu suka nema, uku aka ɗauka. Ban taɓa ce mata komai a kai ba, amma duk wanda ya taɓa zama kusa da ni a masallacin unguwa ya haddace labarin.

Da abin nan ya faru ta ce za ta taho. Na ce in ta ajiye karatu ta taho, za ta tarar da ƙofa a kulle.

Yau sha ɗaya na safe, biyar na yamma ke nan a can, sai ga kira. Ashe sun ƙulla da uwarta, har an ɗaure mini wayar a jikin ƙarfe da roba. Ta sauka daga jirgin ƙasa saura tasha ɗaya ta isa unguwarsu, can bayan gari, ta juya kyamara gaba.

"Baba, ga sharaɗi. Daga nan zuwa gidana falwaya sittin. Ka yi taku ɗaya, in je falwaya ɗaya. Ka tsaya, in tsaya. Ka zauna, halas, in kashe waya. Yalla."

Na ce wasan yara. Ta tsaya cak a bakin tasha. Minti goma ina kallon keken wani a jingine da bango. Taurin kan nan na san inda ta samo shi. Na jawo ƙarfe.

Tara. Ban ga komai ba sai gidaje masu baƙin rufi da wata tsohuwa tana share ƙofar gida. A falwaya ta tara na hango kore can gaba, sai ƙafar ta ce ba ta san zance ba.

Alhamis, 19 ga Yuni, 12:30 na rana

Sha shida. Kai! Shinkafa ce!

Ni na ɗauka Japan duk benaye ne da mota. Wata siririyar kwalta, mota ɗaya ba za ta wuce wata ba, dama da hagu fangula cike da ruwa, shinkafa ta kai tsawon taƙi, layinta a miƙe kamar an ja zare. Kanal na siminti yana bin gefen hanya, ruwan garau har ana ganin ƙasansa. Kowace gona da 'yar ƙofar ruwanta, katako ake zurawa a rufe. Can baya tsaunuka shuɗi-shuɗi da kurmin gora. Ba hon, ba janareta, ba mai talla. Kwaɗi kawai, sai takun yarinyar.

Na ce, "Tsaya. Kusanto da wayar ƙasa." Ta kusanto. Dashe ne, bai fi wata guda ba, ya kama sosai.

"Baba, ciyawa ce ko mene?" in ji ta.

Ciyawa! Jikar Sarkin Noman Kadawa! Wannan laifina ne, a bene na rene ta a unguwar Madain Fahd, shinkafa a buhu ta san ta.

Asabar, 21 ga Yuni, 8:00 na safe

Saudatu ta canja. Tun jiya da Muath ya ja ta gefe suka yi ƙus-ƙus da Larabci, shayina ya daina zuwa gado. A teburin falo take ajiye shi, ta koma kicin tana 'yan waƙe-waƙenta. Buta ma sai in je in same ta.

Na ce, "Shekara talatin da aure, yau shayi ya gagare ki kawowa?"

Ta ce, "Yana falo, Malam. Zai huce."

Ya huce. Ban sha ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na rubuta don a sani.

Lahadi, 22 ga Yuni, bayan Azahar

Ana ruwa a can, damina ce tasu. A falwaya ta sha tara na gaji, na tsaya ina haki. Ta tsaya. Ga ruwa yana dukan laima, ga zalɓe a tsakiyar fangali da ƙafa ɗaya, ni da shi muna kallon juna. Na ce ta wuce gida kada mura ta kama ta.

"Ka zauna in kashe, Baba. Ko ka taka."

Ashirin da huɗu.

Litinin, 23 ga Yuni, bayan La'asar

Maman Lawali ya zo, direban nan mutumin Damagaram, abokin wasana tun zuwana ƙasar nan. Ya ga ƙarfe ya ce, "Bon, Bakano ya sayi mota mai ƙafa huɗu, ba ta shan fetur." Na ce ya bari in warke in nuna masa hanyar garinsu. Na nuna masa hoton gonakin. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan kore haka, ba ya sa ciwon ido?" Sai ya tambayi yarinyar, na ba shi labarin mutum ɗari huɗu. Ya ce wannan ne karo na goma sha ɗaya.

Da zai tafi ya ce ran tara ga wata shi zai kai ni. Ban ce masa akwai wani abu ran tara ba. Ke nan magana ta zagaya unguwa.

Laraba, 25 ga Yuni, 12:15 na rana

Talatin da ɗaya. Mun wuce wata 'yar gada, mun wuce wurin da gora ta rufe hanya ta yi duhu, ana jin sandunanta suna gogar juna. Bayan nan akwai gona mai fangali huɗu, shinkafarta ta fi ta kowa tsawo da duhun ganye. Manomi ne na gaske mai ita.

Amma ba ruwa a ciki. Na maƙwabta cike, tasa taɓo kawai. Wataƙila gobe zai ba ta.

Alhamis, 26 ga Yuni, 12:00 na rana

Bai ba ta ba.

Juma'a, 27 ga Yuni, bayan an sauko daga masallaci

Su suka sauko. Ni a kujera na yi tawa, ina jin huɗuba ta taga.

Ƙasar gonar nan ta fara tsagewa. Na sa yarinyar ta kusanto da waya, yatsa zai shiga. Ga ruwa yana wucewa a kanal, taku biyu tsakani, katako a rufe ruf. Mutumin da ya yi wannan dashe ba zai bar shinkafarsa haka da gangan ba. Wani abu ya same shi. Ina ganin ya tashi da safe lafiya lau, ya sunkuya zai ɗaura takalmi, shi ke nan. Yanzu yana kwance yana kallon silin, 'ya'yansa suna birni, ba wanda ya san gonar tana jiran sa. Kuma ba zai roƙi kowa ba, irinsu ba sa roƙo.

Abincin rana bai shiga ba.

Asabar, 28 ga Yuni, 1:00 na rana

Alhamdu lillahi, na yi abin da ya kamata.

Da muka iso gonar na ce, "Ke, sauka ki ɗaga katakon nan."

"Baba, a nan ba a taɓa kayan mutane. Mamnu'."

"Ruwa ne, ba kayan mutane ba. A Kadawa in ka wuce gonar maƙwabci tana ƙonewa, ga ruwa a kanal, ka kau da kai, har jikokinka sai an goranta musu. Ɗaga."

Ta ce bari ta tambayi wani tukuna. Na duba hanya, ba kowa sai wata farar a-kori-kura can nesa. Na ce shekara nawa rabon da in sa ta abu? Sai ta ajiye jaka, ta tattare siket, ta sauka. Katakon ya ƙi, ta ja da hannu biyu, ya fito. Ruwa ya shiga yana bin tsagar ƙasa, ina jin ƙararsa har nan.

Wallahi sai da ƙirjina ya buɗe. Taku arba'in na yi yau, ban ma san na yi ba. Na je falo da kaina na sha shayin, da zafinsa. Na ce wa Saudatu, "'Yarki ta yi aikin manoma yau." Ta ce Allah Ya sa alheri ne.

Lahadi, 29 ga Yuni, 11:40 na safe

Waya ba ta yi ƙara ba.

Litinin, 30 ga Yuni, bayan La'asar

Yau ma ba ta kira ni ba. Uwarta ta kira. Sun rufe ƙofar kicin suna ta Larabci da sauri-sauri, sun manta shekarata talatin da ɗoriya a ƙasar nan. Da Saudatu ta fito na ce ta zauna ta faɗa mini da Hausa.

Mai gonar lafiyarsa garau. Sunansa Hattori, shekararsa saba'in da tara. Da gangan ya janye ruwan. Haka suke yi a can, in shinkafa ta yi wata guda da dashe sai su busar da gonar kwana goma har ƙasa ta tsage, wai don saiwa ta nutsa neman ruwa, karan ya yi ƙarfi, kada iska ta kwantar da shi in ya ɗauki kai. Shi ya riga kowa dashe, shi ya sa ya riga kowa busarwa. Kwana biyar ya samu, muka mayar da shi farko.

Mai farar motar nan ya gan ta. Jiya da safe matar da ta ba ta haya da wani dattijon unguwa suka ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ita kaɗai ce baƙuwa a ƙauyen, ita kaɗai ce mai lulluɓi, shekara biyu tana gaida kowa tana raba shara yadda suke so, ba a taɓa jin kanta ba. Ta ɗauki kwalin dabinon Madina da uwarta ta aika mata, ta je gidan tsohon ta ba da haƙuri. Ta ce ita ta yi, da ra'ayin kanta.

Na ce, "Ba ta ce ni na sa ta ba?"

Saudatu ta ce, "Ta ce babanta ba shi da lafiya, ba za a ji sunansa a wannan magana ba."

Talata, 1 ga Yuli, 9:00 na safe

Ban taka ba.

Talata dai, bayan Azahar

A Kadawa ba ma haka. Wa ya taɓa jin an hana shinkafa ruwa da gangan? Da mahaifina zai ji, sai ya ce mutumin ya taɓu.

Amma gonarsa ta fi ta kowa kyau. Na gani da idona, ni na faɗa tun ranar farko.

Saura kwana takwas.

Laraba, 2 ga Yuli, 12:30 na rana

Ni na kira ta. Ban taɓa kira ba, kullum ita ke kira.

Na ce, "Wa ya ce ki ɗauki laifina ki aza a kanki?"

"Baba, halas, ya wuce. Ya karɓi dabinon."

"Bai wuce ba. Ƙafata ce ba lafiya, bakina ƙalau yake. Ki je ki ce wa Malam Hattori mai laifin yana Jidda, yana neman iso."

Ta yi dariya, ta farko tun Asabar. Muryarta a dushe take, na san ta yi kuka, ban tambaya ba. Ta ce za ta gwada.

Ta sake kira bayan awa guda. Ya yarda. Asabar, biyar na yammarsu, a bakin gonar.

Yanzu ga matsala. A gida in za ka ba wanda ya girme ka haƙuri, durƙusawa kake yi. In na durƙusa sai an kira 'yan kwana-kwana su ɗaga ni. A zaune kuwa ba zan yi ba, ba sarki ba ne ni. Kuma ba zan bari manomi ɗan'uwana ya gan ni rungume da ƙarfe ba. Saura tsayuwa.

Alhamis, 3 ga Yuli, 10:00 na safe

Na saki ƙarfe. Daƙiƙa bakwai, Muath yana ƙirgawa. Sai bango ya taho.

Ya ce, "Ya ammi, me ya faru? Sati uku ina roƙonka ka saki." Na ce ina da baƙo ran Asabar.

Juma'a, 4 ga Yuli, bayan La'asar

Minti ɗaya da rabi. Sau tara na gwada. Gwiwar hagu ta ƙuje, Saudatu ta gani, ta kawo man shafawa ta ajiye a teburin falo. A falo, ka ji fa.

Na sa ta fito mini da babbar rigar Sallah da hular zanna.

Asabar, 5 ga Yuli, bayan Azahar

An jingina wayar a kan talabijin. Na sa Saudatu ta kai ƙarfen ɗaki don kada ya fito a hoto. Na miƙe.

Ɗan ƙaramin tsoho ne, bayansa ya ɗan ranƙwafa, da hular kaba, da tawul a wuya, da takalmin roba har gwiwa. Hannunsa na fara dubawa. Hannun mahaifina ne sak, har da tsagar babban yatsa. Yana tsaye a kan gaɓar fangali, gonar a bayansa ta sake bushewa.

Na dafa ƙirji na ce, "Ki faɗa masa yadda na faɗa, kada ki rage. Ni Dabo, ɗan manomin shinkafa, ni na sa aka ɗaga katakonsa. Yarinyar nan ta hana ni, na ƙi ji. Na ga gona ba ruwa, na ɗauka mai ita ya kwanta ciwo. Na yi karambani a gonar da ban san al'adarta ba. Ya yafe mini, kuma mutanen ƙauye su san ba halinta ba ne."

Ta juya da Japananci. Ban taɓa jin ta tana yin sa da tsawo haka ba. Yarinyar da Hausa ke yi wa gardama, ga ta tana zuba yaren mutane ba gargada, tsoho yana gyaɗa kai yana "hai, hai." Gashin jikina ya tashi. Na so a ce duk masallacin unguwa suna falon nan.

Sannan ya cire hula ya yi magana a hankali.

"Baba, ya ce shekara sittin yana noma wannan gona. Ya ce mota ɗari tana wucewa, yaani, ba wanda ya taɓa kallo ya ce ko mai gonar lafiya. 'Ya'yansa ma suna Tokyo. Ya ce ka yi kuskure, amma kuskuren fallah ne, na manomi."

Na ce, "A gaya masa na gode."

Sai ya tambaya mu ba ma busarwa? Na ce mu da rana ke busar mana kyauta, ina mu ina ƙari? Ya yi dariya har da tari. Ya tambayi irin da muke shukawa, da wata nawa take yi, da yadda muke korar tsuntsu. Na ba shi labarin gwangwanaye a jikin igiya. Ya tsuguna ya tuge gindi ɗaya daga gefen gonar, ya wanke a kanal ya kawo kusa da waya. Saiwa fara tas, doguwa, cunkus. Ban taɓa ganin irinta ba, kuma na faɗa masa haka.

Hukuncinsa: tunda hannunta ya san katakon, ita za ta ɗaga shi ranar da za a mayar da ruwa, a gaban mutane, ni kuma in shaida. Ranar Laraba, biyar na yamma.

Laraba tara ga wata ke nan. Sha ɗaya na safe. Daidai lokacin likita.

Da aka kashe waya Saudatu ta ce, "Malam, ka san minti nawa ka yi a tsaye?" Na ce ban tambaye ta ba. Ta ce goma sha huɗu. Sai a sannan ƙafar ta tuna da kanta, na zube a kujera da babbar riga.

Lahadi, 6 ga Yuli, 12:20 na rana

Ba ƙarfe, bango nake bi. Arba'in da bakwai. Yanzu duk gonakin ƙauyen an janye musu ruwa, ko'ina ƙasa a tsage. Da a wannan satin na fara gani, da ban yi abin kunya ba.

Wata tsohuwa a kan keke ta tsaya ta ba yarinyar kokwamba uku, ta leƙo waya ta ɗaga mini hannu. Ashe an san ni a garin.

Litinin, 7 ga Yuli, 8:30 na safe

Shayi yana falo. Na je. Na tarar ta sa mini na'ana'a.

Talata, 8 ga Yuli, bayan Azahar

Sittin.

Daga ƙarshen falo zuwa ƙofar gida, in juyo, in koma, ba bango. Bayan gonaki hanyar ta hau ɗan tudu, ta bi ta gindin wasu dogayen itatuwa, sai ga wani ƙaramin gida mai hawa biyu. Ɗakinta na sama. A tagar akwai sallaya a shanye, koriyar nan da na saya mata a kasuwar Balad ranar da za ta tafi, na ba uwarta ta ba ta.

"Ahlan, Baba. Ka iso gidana."

Na ce matakalar ta yi tsayi, ta riƙa riƙe ƙarfen gefe. Abin da na iya cewa ke nan.

Na ce ta ba Malam Hattori haƙuri, gobe ba zan samu shaidawa ba, ina da wani uzuri. Ta ce ta sani, Mama ta faɗa mata tun ranar da Mudir ya zo. Wato ita ma falwayarta sittin ɗin lissafi ne. Duk gidan nan ni kaɗai ne ba a ƙulla komai da ni.

Tsoro nake ji. Na rubuta, ba wanda zai karanta.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan La'asar

Maman Lawali ya zo tun tara da rabi, ya wanke mota. Bai tsokane ni ba ko sau ɗaya a hanya, abin da ya ƙara tayar mini da hankali ke nan.

Sai sha ɗaya da rabi aka kira ni. Likitan ya duba takardu, ya matsa hannu, ya ƙwanƙwasa gwiwa, sannan ya buɗe ƙofa ya nuna mini barandar asibitin. Doguwa, tayil fari mai santsi. Ya ce in je ƙarshe in dawo. Mudir Badr yana tsaye yana kallon na'urar kashe gobara. Saudatu ta sa hannuwanta biyu cikin abaya ta riƙe, na san don kada su miƙo ne.

Ban kalli ƙarshen barandar ba. Na fara daga tasha. Keke a jingine. Tsohuwa mai shara. Baƙin rufi. Ga kanal ya shigo ta dama. Wajen zalɓe ƙafar ta ja ƙasa, na ji Saudatu ta ja numfashi, na tsaya, na ce a raina yarinyar tana cikin ruwa. Na taka. Gada. Gora. Na taɓa bango na juyo a daidai gonar Malam Hattori, na hau tudu, na iso gida.

Likita ya ce ba hawa tsani, ba ɗaukar kaya, a dawo bayan wata uku. Ya sa hannu. Mudir Badr ya kalle ni cikin ido, yau dai, ya ce, "Mabruk, ya Abu Yasmin." Shi Balarabe ne, ya faɗi abinsa.

Sha biyu da kwata muka fito. Mun shiga mota ke nan waya ta yi ƙara. Na ce ai an gama, hoto za ta nuna mini.

Ba a gama ba. Ga tsoho da hularsa, ga mai farar mota, ga matar gidan haya, ga tsohuwa mai kokwamba, suna tsaye a bakin kanal, rana ta yi ja a kan tsauni. Katako yana nan a rufe.

"Baba, ya ce shinkafar da ta jira kwana goma za ta iya jiran awa ɗaya. Me likita ya ce?"

Na ce wa Maman Lawali ya buɗe mini ƙofa. Ya ce, "A wannan ranar? Kwalta za ta gasa ka." Na fito. Na tsaya a filin ajiye motoci da ƙafafuna, na miƙa wa Saudatu wayar ta riƙe daga nesa yadda za a gan ni tun daga hula har takalmi. Tsoho ya duba, ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Ta ba matar gidan haya wayarta. Ta sauka, ta tsuguna, ta kama katakon da hannu biyu, ta ɗago kai tana jiran a ce mata. Tsoho ya nuna ni da haɓa, wai ni zan ba da umarni.

Na ce, "Yasmin. Ɗaga."

Ba ta ɗaga ba. Ta saki katakon ta miƙe tsaye.

"Baba, me ka ce?"

Maman Lawali ya juya yana goge gilashin da ya riga ya goge.

Na ce, "Kin ji ni sarai. Mutane na jira, Yasmin, ruwa na jira."

Ta goge fuska da gefen mayafi, ta sunkuya ta ja. Ruwan ya shiga.

Alhamis, 10 ga Yuli, 6:00 na safe

Muath ya ce in ci gaba da rubuta taku. Ban ƙirga ba, masallaci na je.

Yasmin za ta kira sha ɗaya.